Saura Kujera Ɗaya

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku. Ke kuma da kika ce wai na bar su Malama a tsaye na tafi shan shayi, Allah ya shirye ki. Ku gyara zama.

*

Saura kwana uku jirgin Laraba ya tashi, amma har hantsin Lahadin nan Malama ba ta sayi tikitin iyayenta ba.

Ba sakaci ba ne, kar ku ɗauki alhakinta. Auta, ƙanwarta, tana can garin da take aure da cikin fari, likita ya sa ranar Alhamis za a yi mata aiki a ciro jaririn. Jirgi sau biyu kawai yake zuwa garin a mako, Laraba da Asabar. Mota kuwa kwana biyu ce a hanya, gwiwar Umma ba za ta ɗauka ba. Umma ta rantse ba ta taka jirgi sai da Baba a gefenta. Shi kuma Baba tun ranar Juma'a ya tashi da sabon zance, wai ba ya zuwa, aiki ya yi masa yawa a shago. Shagon da kekunan ɗinki biyu ne kacal ke jiran gyara a ciki, ɗayan ma mai shi ya manta da shi tun bara.

Malama dai tikiti biyu take nema, farashi ne kawai ke wasa da hankalinta. Litinin ta ga dubu tamanin kowanne, ta ce bari albashi ya shigo. Laraba ya koma ɗari da goma. Alhamis ya ɗan sauko, kafin ta fito daga aji ya sake hayewa. Yau ɗari da talatin da biyar yake, alhali abin da suka haɗa ita da ƙannenta bai wuce ɗari biyu da ashirin ba.

Tana zaune a ƙasan falon gidansu, ta jingina da kujera, waya a hannu. Umma na gefe tana sake ninke kayan jariri a akwati, karo na uku ke nan tun safe, tana ɗaga kowace 'yar riga tana murmushi ita kaɗai.

"Yaya, ke ce fa kike ɗaga farashin nan."

Injiniya ne, ƙaninta, yana miƙe a doguwar kujera. Fenti yake sayarwa, ba wani injiniyanci da ya karanta. Tun yana yaro ya kwance rediyon Baba ya kasa haɗawa, sunan ya bi shi har ya tara gemu da 'ya'ya biyu.

"Ni?"

"Ke. Sau nawa kika duba yau?"

"Ban ƙirga ba."

"To su sun ƙirga. Suna ganinki sarai. Sun gane kin matsu, shi ya sa duk lokacin da kika leƙa sai su ƙara."

"Jiya ka ce min ranar Talata ya fi arha."

"Haka yake."

"Shekaranjiya kuma ka ce Asabar."

"Wannan na ƙasashen waje ne."

Malama ta ja tsaki, amma sai da dariya ta ƙwace mata.

Umma ta ajiye hular da ke hannunta. "Ni abin da ban gane ba, kujerar nan ba ɗaya ba ce? Ko ta Litinin da ta yau katifarsu daban?"

"Ɗaya ce, Umma."

"To wane irin ciniki ne wannan, mai kaya ba ya tsayawa a magana ɗaya? In a kasuwa mutum ya yi min haka, ko inda yake ba na sake kallo."

"Bari ki ga aiki, Umma," in ji Injiniya, ya zaro tasa wayar. "Ni ba su san ni ba."

Ya yi ta latse-latse, harshe a gefen baki. Can sai ya zabura ya miƙe tsaye, har ya yi fatali da takalmin Umma.

"Tamanin! Wallahi tamanin! Me na ce miki? Me na ce?"

Malama ta fizge wayar. Tamanin ɗin ne kuwa. Murna ta kama ta. Sai dai ita malamar lissafi ce, shekara sha ɗaya tana kama yara da amsa daidai ta hanyar da ba daidai ba. Ta zura wa shafin ido daga sama har ƙasa.

"Kai, mutum nawa ka sa?"

"Biyu mana."

"Ɗaya ka sa."

"To... ai duk ɗaya ne."

Ta mayar da shi biyu. Ɗari da talatin da biyar kowanne. Ta mayar da shi ɗaya. Tamanin. Ta ɗauki tata wayar, wadda aka ce sun gane ta, ta sa mutum ɗaya. Tamanin. A ƙasan lambar ga wani ɗan jan rubutu, ƙarami kamar ba a so a gani: saura kujera ɗaya a wannan farashin.

"Na gane," ta ce a hankali. "Wallahi na gane."

"To ki ganar da mu," in ji Umma.

"Umma, kin ga kamar mai yadi ne da ya rage masa ƙyalle ɗaya na tsohon farashi. In kika ce riga ɗaya kike so, sai ya yanka miki a tsohon. In kika ce biyu, tsohon ba zai isa ba, sai ya ɗauko sabon bandir ya yanka miki duka biyun da sabon kuɗi."

"Ba zai ce min ga na tsohon nan ya rage ba?"

"Ba zai ce ba."

"Amma dai ba shi da kirki."

"Na'ura ce, Umma, ba mutum ba."

"To wanda ya koya mata ba shi da kirki."

Malama ta gyara zama. "In na saya miki ke kaɗai a tamanin, na dawo na saya wa Baba shi kaɗai a ɗari da talatin da biyar, kuɗinmu ya isa. Jirgi ɗaya, rana ɗaya. In kun shiga a roƙi wani ya musanya muku wurin zama."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Injiniya.

Ba wanda ya kalle shi.

"Umma, miƙo katin shaidarki."

Umma ta zazzage jakarta a kan tabarmar falo. Makullai, man zafi, tsohon rasit, alawar jikoki. Babu kati.

"Ikon Allah. A nan fa yake kwana, a nan yake tashi."

"Bar shi, ina da hotonsa a waya."

Malama ta cika suna, ta cika ranar haihuwa, ta sa lambar katin banki. Saƙon lambar sirri ya ƙi shigowa, sai da ta miƙe ta je bakin taga ta ɗaga wayar sama. Ya shigo. Ta rubuta. 'Yar da'irar nan ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, sannan shafin ya koma kore.

"An samu na Umma!"

Umma ta ɗaga hannu biyu, baki har kunne. "Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki masu yi miki. Kai ma Allah ya yi maka, ko da kuskure ka taimaka."

Daɗi ya cika Malama har wuya. Mako guda ke nan ba ta ji ƙirjinta sakayau haka ba. Ta koma shafin da sauri, mutum ɗaya, Laraba. Ɗari da talatin da biyar, yadda ta zata.

Injiniya ya riƙe mata hannu. "Tsaya."

"Sake ni."

"Minti goma kawai. Yanzu kika saya, na'urar ta yi zafi. In ta huce za ta sake fito da na tamanin."

"Wa ya faɗa maka?"

"Wa ya samo miki na farkon?"

Nan fa ya kama ta. Kuma gaskiya ta hango ragowar kuɗin, ta hango jakar hannun da Umma ke so. Ni dai da ina falon da na ƙwace wayar na danna da kaina, amma ba a tambaye ni ba.

Ta ajiye wayar, ta sha ruwa, ta taya Umma tura zif ɗin akwati. Injiniya na kallon agogon bango kamar mai jiran ƙwai ya dahu.

"Yanzu duba."

Ta duba. Ta sake dubawa. Ta fita daga shafin ta sake shiga.

"Nawa?" in ji shi.

Ta juya masa wayar. Babu sauran kujera a wannan jirgin.

Injiniya ya koma ya zauna a bakin kujera, ya yi tsuru-tsuru.

"Karanta min," in ji Umma.

Malama ta karanta mata, muryarta ƙasa-ƙasa.

Umma ta kalli akwatin ta ce, "To a mayar musu da nawa."

"Haba Umma, Auta fa..."

"Na san Auta, ni na haife ta. Amma shekara arba'in da ɗaya ban taɓa yin tafiya na bar mutumin nan ba. Wa zai tuna masa da maganinsa? Ke kin san ko ruwan zafi ba ya iya dafawa bai ƙona butar ba."

"Salamu alaikum!"

Baba ne, ya shigo da fara'arsa, rigar aiki duk baƙin mai, tabarau a goshi. Wata farar takarda ce a ninke a hannunsa, ya riƙe ta da yatsa biyu kar ta ɓaci.

"Me ya faru kuka yi jugum-jugum? Ku saki ranku. Maman Auta, ungo."

"Mene ne wannan?"

"Ba wa Malama ta karanta miki."

Malama ta warware takardar. Tambarin kamfanin jirgin ne a sama. Laraba. Ta kai ido kan sunan fasinja, sai ta ga sunan Umma ne.

"Baba... ina ka samo wannan?"

"Wurin Mai Kwamfuta na bakin titi, mai buga takardu. Kullum da safe sai na leƙa ya duba min." Ya zaro katin shaidar Umma daga aljihu ya ajiye mata a cinya. "Ga kayanki, aro na yi. Yau fa da na dace, tamanin muka gani! Na ce masa tsaya in je shago in ɗauko kuɗin. Kafin in dawo, wani marar tausayi ya riga ni. Minti biyar! Ina dawowa na tarar abu ya koma ɗari da talatin da biyar."

Injiniya ya toshe bakinsa da hannu.

"Na ce wa Mai Kwamfuta biya kawai, kafin wannan ma ta tashi. Ashe ita ce ta ƙarshe. Amma wanda ya ɗauke ta tamanin ɗin nan, ko waye, ni da shi sai..."

"Baba, ni ce."

"Ke ce me?"

"Marar tausayin. Ni ce."

Ta nuna masa wayarta. Ya sauke tabarau daga goshi, ya kalli wayar, ya kalli takardar, ya sake kallon wayar. Suna ɗaya, jirgi ɗaya, kujera biyu.

Injiniya ya kasa riƙewa, ya faɗo daga kujera yana dariya har da buga ƙasa. "Umma kin zama manya! Ɗaya ki zauna, ɗaya ki miƙe ƙafa!"

"Rufe min baki," in ji Malama, "kai da ka ce na'ura ta yi zafi."

Umma ba ta yi dariya ba. Mijinta take kallo.

"Baban Auta, kullum da safe kake zuwa?"

"To... hanya ce."

"Mutumin da aiki ya yi wa yawa?"

Baba ya shiga goge tabaransa da bakin riga, abin da ya ƙara ɓata shi.

"Tambayarka nake."

"Ranar Juma'a na ji yaran nan a tsakar gida," ya ce, bai ɗago ba. "Na ji suna cewa na mutum biyu ya fi ƙarfinsu. Na ce to in cire kaina, su huta. Yarinyar nan uwa take buƙata a kusa da ita. Ni me zan yi a asibiti, in gyara musu keke?"

Idon Malama ya ciko. Tausayinsa da haushinsa suka haɗe mata wuri ɗaya, ta rasa wanda za ta fara da shi.

"Da ka faɗa min, Baba."

"Ke kin faɗa min?"



Umma ta share ido da gefen mayafi. "Duk ku biyun halinku ɗaya, ƙunshe magana a ciki. Malama, kira mutanen nan. A goge sunana a ɗaya a sa nasa."

Malama ta kira lambar da ke jikin takardar ta sa a lasifika. Suka sha kiɗan jira har Baba ya fara kaɗa ƙafa bai sani ba. Can wata mata ta ɗauka, muryarta a sanyaye. Malama ta zayyana mata komai, ta karanto lambobin tikitin biyu. Matar ta yi ƙoƙarin danne dariya, ba ta iya ba.

"Ku yi haƙuri, ba ku nake wa ba. Gyaran harafi muna yi, amma sauya mutum gaba ɗaya ba ma yi."

"To yaya za mu yi?"

"Tunda ba a daɗe da saye ba, zan iya soke na biyun, kuɗin su koma inda suka fito. Kujerar za ta dawo shafi, sai ku saya da sunan baban."

"Alhamdulillahi! A nawa?"

"Wannan ban sani ba. Ba ni ke sa farashi ba. Na'ura ce ke duba yawan masu nema da kwanakin da suka rage."

"Za ki iya riƙe mana ita?"

"Ba zan iya ba. Da ta fito, ta wanda ya riga ce."

Malama ta kalli Baba. Baba ya kalli Umma.

"Soke, 'yar nan," in ji Umma, ta matso da bakinta kusa da wayar. "Allah ya yi miki albarka, soke."

"Na soke. Ku yi ta dubawa."

Malama da Injiniya suka zauna kafaɗa da kafaɗa a ƙasa, kowa da wayarsa, kowa na jan shafi da babban yatsa. Baba ya durƙusa a bayansu yana leƙe, warin man keke ya cika musu hanci.

Babu kujera.

Babu kujera.

"Kar wanda ya ce min na'ura ta yi wani abu," in ji Malama.

"Ni na yi magana?"

Babu kujera.

Sai ga ta. Kujera ɗaya, ɗari da talatin da biyar.

"Ga ta! Ga ta!"

Malama ta danna. Da'irar ta juya sau biyu, wani rubutu ya fito: wani fasinja ya riga ya zaɓi wannan kujerar.

"Innalillahi," in ji Baba a hankali.

Kafin wani ya ƙara magana wayar ta ɗauki ƙara a hannunta. Auta. Malama ta ɗauka, har yanzu a lasifika take.

"Yaya! Yaya, da sauri!" Auta na haki kamar ta yi gudu. "Tun safe nake kwance ina duba jirgin nan, ɗazu ya ce ya cika, har na yi kuka. Yanzun nan kujera ɗaya ta fito na cafke! Na sa sunan Umma, ranar haihuwarta kawai nake so in biya!"

"KAR KI BIYA!"

Su huɗu suka faɗa a tare, har maƙwabta sai da suka ji.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Umma tana da tikiti. Goge sunanta ki sa na Baba."

Muryar Auta ta yi ƙasa.

"Ba Baba ya ce ba zai zo ba? Na kira shi sau biyu, Yaya. Ya ce aiki ne. Ni ba na so a tilasta masa."

Baba ya miƙa hannu. Malama ta ɗora masa wayar. Ya riƙe ta da hannu biyu a gaban bakinsa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ƙarya na yi miki. Babu wani aiki. Tun ranar da aka ce min kina da ciki na goge takalmina na ajiye. Ina son zuwa."

Suka ji ta ja hanci, ta sake ja, tana dariya tana kuka.

"Baba kai ma dai... To tsaya, tsaya. Agogon shafin na gudu, saura minti uku ya sake ta. Na goge. Na sa sunanka. Ranar haihuwa, yadda take a katinka?"

Baba ya shafa aljihun ƙirji. Ya shafa na wando. Ya yi wuƙi-wuƙi.

"Jakar katina... na bar ta a teburin Mai Kwamfuta."

"Ba ka haddace ba?"

"Su suka rubuta abinsu, ni ina na sani?"

Injiniya ya zabura zai fita ba takalmi.

"Dawo ka zauna," in ji Umma. Ko gezau ba ta yi ba. "Auta, rubuta. Tara ga watan huɗu." Ta faɗi shekarar, ta ɗora da lambar katin tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Baba ya saki baki yana kallonta.

"Me kake kallo? Wa ke cika maka takardar asibiti duk wata?"

"Na sa!" in ji Auta. "Na sa katin banki. Na danna... yana juyawa... yana juyawa..."

Malama ta damƙe hannun Umma. Injiniya ya runtse ido.

"Yaya."

"Na'am? Ya yi kore?"

"A'a. Wani rubutu ne ya fito. Wai farashin ya canza, in amince ko in fasa."

Baba ya matso da wayar har tana taɓa gemunsa.

"Auta, hawa ya yi ko sauka?"